Kafin Ku Sayi Sabon Had-dis Na Kwamfutar Gida

Gidan da ke da kwamfuta a Wurma, galibi guda ɗaya ce ke hidimar kowa. A cikinta ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma yake rubuta furojet, a cikinta hotunan biki da na suna suke. Ranar da rumbunta, wato had-dis, ya fara ciwo, gida ne gaba ɗaya ke cikin asara.

1. Ku kwashe kayanku tukuna. In kwamfuta ta fara ƙara kas-kas daga ciki, tana daskarewa, ko fayil ya ƙi buɗuwa, yau ɗin nan ku juye muhimman abubuwa a filas ko waya. Kada ku yarda a yi mata fomat kafin haka.

2. Ku tabbatar had-dis ɗin ne. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyarsa da launi: shuɗi lafiya lau, rawaya gargaɗi, ja kuwa ya zo ƙarshe.

3. Ni dai SSD nake ba da shawara, ko da ya fi tsada. Had-dis irin na da faifai ne ke juyawa a cikinsa, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu yana shawagi dab da fuskar faifan. To ku ƙiyasta laftop a jakar goyo, kan babur, daga Wurma zuwa Dutsin-Ma ko Kurfi, balle in ba a kashe ta sosai ba. Kwamfutar tebur kuma, ɗauke wutar KEDCO ba zato ke wahalar da ita. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, jijjiga ba ta dame shi ba. Mai SATA yana karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, na faifai kuwa wajen 100. Tsohuwar laftop sai ku ga ta farfaɗo.

4. Ku tafi kasuwa da kwamfutar a hannu. Akwai SSD da ake kira mai inci 2.5, akwai siriri mai tsawon ɗan yatsa da ake kira M.2, shi ma iri biyu ne, SATA da NVMe. Ba kowace kwamfuta ke karɓar kowanne ba. A sa shi, ta tashi a gabanku.

5. Girma: Windows 11 kaɗai tana neman aƙalla 64GB, don haka 128GB saurin cika yake. Ku nemi 256GB, in da hali 512GB.

6. Na hannu da jabu su suka fi damuna, domin kuɗin gumi ne ke salwanta. Ko a Katsina kuka saya ko a titin Beirut na Kano, ku ce a buɗe CrystalDiskInfo ku ga awoyin da ya yi yana aiki. In an ce sabo ne dal amma ya nuna dubban awoyi, ku ajiye shi. Wani kuma an rubuta 1TB a jikinsa, farashinsa kamar kyauta, cikinsa ɗan mitsitsi. Manhajar H2testw tana tona asirinsa. Ku tsaya kan sanannun suna irin su Samsung, Kingston da WD, ku karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti.

7. Kada ku bar tsohon a shagon mai gyara. Hotunan iyalinku da takardunku suna ciki, kuma gogewar da aka saba yi ba ta hana a dawo da su. Ku taho da shi gida, in ya mutu murus ku fasa faifan da guduma.