CUTAR DABBARE-DABBAREN GANYE A GONAKIN KANKANA DA KABEWA

Manoma, ku lura da wannan darasi, domin ya shafi aljihunku. Kankana da kabewa da guna da gurji da kokwamba da duma duk dangi ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya kuwa tana iya kama sauran.

Wani lokaci manomi yakan ga sabon ganye ya yi dabbare-dabbare, wani wuri kore, wani wuri rawaya, ya yamutse, ya ƙanƙance. Yaɗo ya tsaya, 'ya'ya su fito a karkace da ƙuraje, a kai kasuwa a rasa mai taya. Ba rashin taki ba ne, ba kuma sammu ba. Wata ƙwayar cuta ce da masana ke kira bairus, wadda ido ba ya ganinta. Tana da iri-iri. Wadda ta fi shahara an fara bayyana ta a jikin kokwamba a Amurka cikin 1916, an kuwa tabbatar tana kama tsire-tsire fiye da iri 1,000, har da tumatir da barkono da ciyayin bakin gona.

Darɓa ce babbar mai yaɗa ta, watau ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a ƙarƙashin ganye suna tsotson ruwansa. Dattawa ba su manta da cutar da ta hallaka gyaɗa a Arewa cikin 1975 ba. Ita ma darɓa ce ta yaɗa ta. In darɓa ta soki ganye mai cuta, cikin ƙasa da minti ɗaya ta ɗauka, ta tashi ta kai wa mai lafiya. Saboda haka feshi kaɗai ba ya tsare gona, gama kafin magani ya kashe ƙwaron, ya riga ya yi ɓarna. Shukar da ta kamu kuwa ba ta warkewa. Kada wani ya ruɗe ka ka sayi maganin warkar da ita, asarar kuɗi ce kawai.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. Sayi iri mai kyau daga wurin da aka amince da shi. Kada ka ajiye iri daga gonar da ta kamu, domin akwai bairus da ke bin iri.

2. Shuka layi biyu ko uku na masara ko dawa kewaye da gona tun kafin ka shuka kankana. Darɓa za ta fara sauka a kansu, cutar da ke bakinta ta ragu.

3. Nome ciyawa ciki da gefen gona.

4. Zaga gonarka kowane mako, musamman tun shuka tana ƙarama. Wadda ka ga ta kamu, tuge ta, ka binne ko ka ƙone nesa da gona.

5. Wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan ka taɓa mai cuta.

6. Kada ka yi sabuwar shuka kusa da tsohuwa. Da ka gama ɗiba, share yaɗon.

Masu noman rani a fadama, lambunanku suna manne da juna. Sakacin mutum ɗaya yakan jawo wa kowa hasara, sai ku haɗa kai ku yi aikin tare. Wanda ya ga alamar da bai gane ba, ya tsinki ganyen ya kai wa malamin gona na yankinsa, ya kuma tambaye shi irin da ke jure wa cutar. Rigakafi ya fi magani.