Alama ko Sanadi? Raunanar Mahaukaciyar Guguwa a Doron Ƙasa da Tsohon Imani da Tasirin Taurari

1.0 Gabatarwa

Al'ummu da dama na zamanin da sun jingina sauyin yanayi ga wata da taurari. Larabawan jahiliyya sun danganta saukar ruwan sama ga faɗuwar wasu taurari, har Musulunci ya zo ya hana ɗaukar tauraro a matsayin mai saukar da ruwa. A tsibiran Karebiya kuwa, rahoton Kyaftin Langford da aka buga a Landan a 1698 ya nuna cewa akan sa ran guguwa ne a ranakun tsayuwar wata, rabinsa ko cikarsa. Wannan maƙala ta auna irin wannan imani da abin da ke samun guguwa idan ta bar teku.

2.0 Dalilan Raunanar Guguwa

Mahaukaciyar guguwa tana samun ƙarfinta ne daga ruwan teku mai ɗumin da ya kai kimanin digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyas. Tururin da ke tashi daga ruwan yakan koma gajimare, ya saki zafin da ke ƙara mata ƙarfi. Da zarar ta hau doron ƙasa, sai tururin ya yanke, busasshiyar iska ta kutsa cikinta, tsaunuka da dazuzzuka kuma su rage mata gudu.

Guguwar Katrina ta afka wa jihar Louisiana ta Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005, tana mataki na 3 cikin matakai 5. Washegari, da ta isa yankin Tennessee, ta riga ta fita daga sahun mahaukatan guguwa. Wata da taurarin da ke samanta ba su yi wani sauyin kirki ba a kwana guda. Abin da ke ƙarƙashinta ne ya sauya.

3.0 Kammalawa

Duk da haka, magabata ba su yi kuskure baki ɗaya ba. Wata yana jan ruwan teku, kuma guguwar da ta dace da tumbatsarsa ta fi yin ambaliya. Taurari kuwa kalanda ce: bayyanarsu tana dacewa da lokutan shekara. Saboda haka, wajibi ne mai nazarin lissafin taurarin damina a ƙasar Hausa ya tantance inda manomi ya ɗauki tauraro alamar lokaci, da inda ya ɗauke shi sanadi.