Darasi a kan Muraƙaba da Lura da Numfashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa muridi, sau nawa ka kai ƙarshen carbi sannan ka farga ba ka san abin da harshenka ya faɗa ba? Yatsa yana ja, zuciya kuwa tana kasuwa tana lissafin kuɗin gero da bashin da aka ce a biya ranar Juma'a. Wannan ita ce gafala, kuma ita ce take hana da yawanmu barci.

Wasu matasa suna tambaya game da wata hanya da suke gani a intanet, ta zama shiru ana lura da numfashi don rage damuwa. Asalinta sananne ne. A shekarar 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da ita ga marasa lafiya a asibitin Jami'ar Masacusets a Amurka, cikin shiri na mako takwas. Ya ɗauko ta daga mabiya addinin Buda, ya cire mata sigar ibada. Ana koya wa mutum ya lura da shigar iska da fitarta. In tunani ya kwashe shi, ya dawo ba tare da ya zargi kansa ba.

Lura da numfashi ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen tasawwufi. Shehunan Naƙshabandiyya sun sanya farkawa a cikin kowane numfashi cikin ƙa'idodinsu, wato kada iska ta shiga ko ta fita bawa yana gafalalle. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya keɓe wa muraƙaba da muhasaba littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin. Bambancin yana ga niyya da maƙasudi. Waccan hanya tana tsayawa a kan numfashin kansa. Mu kuwa numfashi ƙofa ce, abin nema shi ne zuciya ta tabbata Allah yana ganin ta, kamar yadda bayanin ihsani ya zo a hadisin Jibrilu.

Ga yadda za ka fara. Kafin wuridin safe, da alwala, ka fuskanci alƙibla, ka ajiye waya nesa da kai. Ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, domin doguwar fitar iska tana sassauta bugun zuciya. Ka yi haka kamar sau goma. Tunanin bashi zai zo, babu makawa. Kada ka yi kokawa da shi. Ka gan shi, ka bar shi, ka dawo. Dawowar nan ita ce aikin, ko da sau ɗari ce. Sannan ka ɗauki carbi.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka ƙara wa wuridinka adadi ko ka ƙirƙiro wata siga ba da izinin muƙaddaminka ba. Kuma in damuwar ta kai ka daina ci, ko ka yi makonni ba barci, ko ka fara tunanin cutar da kanka, ka je wajen lokotoro ba da jinkiri ba, wuridinka yana nan ba ka bar shi ba.

Allah ya ba mu halartar zuciya, amin.