Darasi: Yadda Za A Zaɓi Tamfol Mara Nauyi Don Tafiya Su Da Farauta

'Yan'uwa manoma, idan an gama girbi an kai hatsi rumbu, da yawa daga cikinmu sukan ɗauki koma da ƙugiya su nufi bakin kogi, waɗansu kuma su shiga jeji farauta. Wani yakan yi kwana uku, wani mako biyu. Abin da ya kan dawo da mutum gida ba shiri, sau da yawa, shi ne rashin wurin kwana mai kyau. Raɓa ta jiƙa shi, sanyin hunturu ya kama ƙirjinsa, ko ruwan farkon damina ya lalata masa kifin da ya sha wahalar bandawa. Kuɗin da ya je nema sai ya ƙare a wurin sayen magani.

Ni ma abin ya taɓa samuna. Wata shekara na bi ƙanin mahaifina su, na sayi wata leda mai araha a kasuwa don mu rufe kanmu. A dare na biyu hadari ya taso da iska, zoben da ke kusurwa ya fizge, ledar ta tsage har tsakiya. Muka kwana a tsugune, garinmu ya jiƙe, kifin kwana biyu ya ruɓe. Tun daga ranar na yarda da masu cewa araha ba ta ado.

Nauyi Shi Ne Na Farko

Wanda zai yi tafiyar ƙasa ko ta keke, ga tukunya, ga gari, ga gorar ruwa, ga kayan aiki, dole ya lissafta kowane kilo. Masu yin tamfol suna auna shi da giram nawa ke cikin murabba'in mita ɗaya, kuma sau da yawa suna rubuta wannan a jikin kwalin. Mu ɗauki tamfol mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, wato murabba'in mita 9:

1. Tamfol na zane mai kauri, irin na rufe lodin mota. Idan giram 500 ne, nauyinsa kilo 4 da rabi ke nan, kuma in ya sha ruwa zai ƙara nauyi. Yana da ƙarko, yana da sanyi cikin rana, amma kayan kwalekwale ne ko amalanke.

2. Tamfol na leda saƙaƙƙiya, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu. Mai giram 120 zai yi kilo 1 da 'yan kai. Ba ya shan ruwa, kuɗinsa da sauƙi. Aibinsa shi ne rana tana cinye shi, sai ya fara farfashewa. Wanda ya yi sirara ƙwarai, har kana hango hannunka ta bayansa, kada ka kashe kuɗinka a kansa.

3. Tamfol na nailan ko foliyesta da aka shafa wa maganin hana ruwa. Irin wanda masu yawon duwatsu a Turai da Amurka ke ɗauka ke nan. Mai giram 50 bai kai rabin kilo ba, in an naɗe shi yana shiga jakar rataye. Akan same shi jefi-jefi a wurin 'yan gwanjo. Nailan yakan saki idan ya jiƙe, sai an tashi an ƙara ɗaure igiya. Foliyesta bai cika saki ba, kuma ya fi jure rana. Duka biyun ba su son wuta ko kaɗan.

Shawarata ga mai tafiyar ƙasa ita ce leda saƙaƙƙiya mai matsakaicin kauri, ko foliyesta idan aljihu ya yarda.

Girman Da Ya Dace

Mutum ɗaya da kayansa, mita 2 da mita 3 ya ishe shi lokacin hunturu. Mutum biyu, ko mutum ɗaya cikin damina, su nemi mita 3 da mita 3. Idan kun kai huɗu, gara ku ɗauki ƙanana biyu da babba ɗaya. Babban tamfol yana kama iska da yawa, yana da wuyar kafawa, kuma in ya yage dukanku ne a waje.

Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Ka ce wa mai kanti ya buɗe maka shi duka. Ka ɗaga shi wajen rana, ka duba ko akwai ƙananan huji. Ka shafa bakinsa: tamfol na kirki an ninka bakinsa, a waɗansu ma an sa igiya a ciki. Ka ja zoben kusurwa da ƙarfi, gama nan ne yake fara lalacewa. Wanda aka ƙara wa ƙyalle a kusurwa, ko aka ɗinka masa madauki, ya fi mai zoben ƙarfe kawai. Idan na nailan ne, ka duba ko akwai zare mai kauri da aka saƙa gida-gida a jikinsa kamar gidan dara. Wannan zaren yana hana ɗan yagewa ya zama babba. Ka kuma duba ɗinkin tsakiya, don ta nan ruwa ke shiga. Idan ka ga an rubuta milimita 1,500 ko fiye, ma'aunin hana ruwa ke nan, kuma ya isa.

Game da launi, baƙi yana da zafi da rana. Mafarauci ya nemi kore ko ruwan ƙasa. Masunci kuwa, mai haske ya fi masa, don 'yan'uwansa su hango masaukinsa daga cikin ruwa.

Yadda Ake Kafawa

Ka tafi da igiya siririya mai ƙarfi kamar mita 15. Turaku da gwafa sai ka sara a can, ba sai ka ɗauko daga gida ba. Ka ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu ko gwafa biyu, ka ɗora tamfol a kai, ka ja gefe biyu ƙasa ka kafe. Ka ba shi gangara sosai, don ruwan da ya kwanta a kan tamfol shi ne ke yaga shi.

Ka lura da inda iska ke fitowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina kuma a ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa. Saboda haka gefen gabas shi za ka sauke har ƙasa, ƙofa ta dubi yamma.

Idan zobe ya fita, ka sa ɗan dutse mai santsi a cikin tamfol ɗin, ka dunƙule, ka ɗaure wuyansa da igiya. Wannan ya fi zoben riƙo. A kan yashi turke ba ya kamawa, sai ka ɗaura igiya a tsakiyar guntun itace, ka binne shi a kwance. Robar cikin tsohuwar tayar keke, in ka haɗa ta da igiya, tana rage fizgar iska.

Wurin Kwana

Kada ka kafa a cikin kwari ko kan yashin tsakiyar kogi. Ruwa yana iya saukowa da dare ko da ba a yi ruwan sama a inda kake ba. Masu zama bakin Binuwai sun tuna ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Kada ka kwana ƙarƙashin busasshen reshe, ko gindin doguwar itaciya da ke tsaye ita kaɗai, saboda tsawa. Ka share ciyawa da duwatsu, ka nisanci suri da ramuka, gama nan macizai irin su kububuwa ke fakewa. Ka kaɗe takalminka da safe kafin ka sa.

Tamfol yana tare ruwa da raɓa, amma ba ya tare sauro, kuma bakin ruwa gidansa ne. Ka rataya gidan sauro mai magani a jikin igiyar tsakiya, ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Wutar banda kuwa ta kasance nesa, ta gefen da iska ba za ta kawo tartsatsi ba, kuma ka kashe ta sarai ranar da za ka tashi.

Kula Da Shi A Gida

Ka wanke, ka shanya a inuwa har ya bushe kafin ka naɗe. Ka rataye shi inda ɓera da gara ba za su kai ba. Da kaka zai yi maka amfani wajen shanya gyaɗa da masara, wanda ya fi zubawa a ƙasa tsabta. Amma tamfol ɗin da aka taɓa rufe maganin ƙwari da shi, kada a shanya abinci a kansa.

Aikin Ƙungiya

A taronku na gaba, kowa ya kawo tamfol ɗin da yake da shi, ku auna, ku gwada kafawa a fili. Idan kuka haɗa kuɗi kuka saya tare, za ku iya samun ragi. Ma'aji ya rubuta sunan wanda ya ara da ranar da zai mayar.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Kilo nawa ne kayan da kakan ɗauka zuwa jeji? Wanne za ka iya bari a gida?
2. Wane wuri ne a kusa da koginku ruwa ya taɓa ci, wanda bai kamata a kwana ba?
3. Idan wanda ya ari tamfol na ƙungiya ya yaga shi, yaya za ku yi?