Cututtukan Jijiya da Ba a Saba Gani Ba: Yadda Za Ku Kula da Majinyacinku a Gida

'Yan uwa mazauna Maamobi da Nima, akwai cututtukan ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyi waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba. A Turai ana sa cuta a wannan rukuni idan ba ta kama fiye da mutum 1 cikin 2,000 ba. Amma cututtukan da ba a saba gani ba gaba ɗaya, na jijiya da waɗanda ba na jijiya ba, sun haura 6,000, kuma masu fama da su a duniya sun kai kimanin miliyan 300. Da yawa ba su da maganin warkewa, sai dai kulawa tagari tana rage wahala, tana kuma tsare mutuncin majinyaci.

Ku fara da sanin sunan cutar

Sau da yawa akan danganta irin wannan ciwo da sammu ko iska, a yi ta kashe jari wajen masu magani har rauni ya yi nisa. Ga misalai huɗu:

Cutar Duchenne: tana kama yara maza, galibi kafin shekara 5. Yaro kan yawaita faɗuwa, in zai tashi sai ya dafa cinyoyinsa.

Miyasteniya: fatar ido kan sauko, tauna da magana su yi nauyi, musamman da yamma. Tana da maganin da ke sauƙaƙa ta ƙwarai.

Cutar Huntington: gaɓoɓi kan motsa ba da nufi ba, hali ya sauya. Ana gadonta, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 30 da 50.

Cutar Guillain-Barré: rauni kan faro daga ƙafafu ya hau sama cikin 'yan kwanaki. Yawanci ana murmurewa, amma tana iya taɓa numfashi.

Babu ɗaya cikinsu da ake ɗauka ta hanyar cin abinci tare ko zama ɗaki ɗaya. Ku fara zuwa Babban Asibitin Maamobi, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Korle Bu, inda likitocin jijiya suke. Ku ɗauki bidiyon alamun da waya, domin ba lallai su bayyana a gaban likita ba.

Kulawar yau da kullum

1. Ciyarwa. Ku zaunar da majinyaci a miƙe, ku ba shi kaɗan-kaɗan, ya ci gaba da zama rabin awa bayan ya gama. Koko mai kauri da tuwo mai laushi sukan fi sauƙin haɗiya. In yana tari ko ƙwarewa a kan abinci, ku sanar da likita, domin abin da ya ɓace hanya zuwa huhu yana jawo ciwon huhu.

2. Juyawa. Wanda ba ya iya motsi, ku juya shi duk bayan awa biyu. Ku duba ƙugu, duwawu da dunduniya kullum. Jan tabo ko duhun da ba ya gushewa shi ne mafarin gyambon kwanciya. A lokacin zafi, ku tabbatar shimfiɗa a bushe take.

3. Motsa gaɓoɓi. Ku roƙi ma'aikacin sashen motsa jiki ya koya muku yadda ake lanƙwasa hannu da ƙafa a hankali, don kada su ƙage. Kada a yi tsaga, kada a ja gaɓa da ƙarfi.

4. Zumunci. Nauyin harshe ba gushewar hankali ba ne. Ku yi magana da shi kai tsaye, ku jira amsarsa. Ku fito da shi tsakar gida ya sha iska, ya ji hira.

Idan numfashi ya yi wuya ko haɗiya ta gagara, ku kira 112 nan take.

Mai jinya ma yana bukatar taimako

Galibi nauyin kan faɗa wa mace ɗaya, ta bar rumfarta, ciniki ya mutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba kwanakin jinya tsakanin dangi, ku sa magajiya da 'yan adashi cikin shawara. Ku sabunta katin NHIS ta lambar *929#. Dokar Naƙasassu ta 2006 ta amince da haƙƙin majinyacinku. Ku je ofishin jin daɗin jama'a na Ayawaso North ko Ayawaso East ku tambayi shirin LEAP da asusun naƙasassu.

Ga masu fatauci

In za ku ƙetare Aflao da majinyaci zuwa Lome, Yamai ko Kano, ku riƙe takardar asibiti mai sunan cutar da ainihin sunan magani, domin sunan kwali yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ku tanadi maganin da zai wuce kwanakin tafiya, kuma kada ku dakatar da shi sai da izinin likita.

Ranar ƙarshe ta Fabrairu ce ranar tunawa da masu irin waɗannan cututtuka a duniya. Kada ku jira ta: in akwai maƙwabcin da aka daɗe ba a gani a ƙofar gida ba, ku leƙa shi a wannan mako, ku ba mai jinyarsa hutun awa ɗaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.