Idon da ke tsaron jiragen sama

Kowace rana jiragen sama da yawa suna ratsa sararin samaniyar Nijar. Wasu sun taso daga Turai za su kudancin Afirka. Wasu kuma suna kai alhazai ƙasa mai tsarki. A sama babu kwalta, babu ɗan sanda mai ba da hannu. To, me ke hana su yin karo?

Akwai ma'aikata a ƙasa waɗanda aikinsu ke nan dare da rana. Su ne masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Suna magana da matuƙa ta rediyo. Su ce wa wannan: «Ƙara hawa sama.» Su ce wa wancan: «Karkata dama.» Amma kafin ka nuna wa mutum hanya, sai ka san inda yake. A nan ne radar ke taimakonsu.

Yadda radar ke aiki

Kun taɓa yin kuwwa a gaban dutse, kuka ji muryarku ta dawo? Haka radar ke yi. Yana da babbar eriya mai juyawa, tana aika saƙon rediyo zuwa sama. Saƙon yana gudun kilomita 300 000 cikin sakan ɗaya. In ya bugi jirgi sai ya dawo. Daga lokacin da ya ɗauka ake gane nisan jirgin. Sai jirgin ya fito kamar ɗigo a kan allo mai kama da na talabijin.

Akwai wani irin radar mai yin tambaya. Wani ɗan akwati da ke cikin jirgin shi ke amsawa, ya faɗi lambar jirgin da tsawon da ya kai a sama.

Inda radar ba ya gani

Radar ba ya hangen abin da ya wuce kamar kilomita 450. Saƙonsa miƙe yake tafiya, duniya kuwa ƙwallo ce. Manyan duwatsu ma suna kare shi. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1 267 000 ne. Tsakanin Yamai da Agadas kaɗai ya fi kilomita 700. Ga shi radar yana da tsada, yana son lantarki da masu gyara. Da wuya a kafa shi a tsakiyar Tenere, balle a tsakiyar teku.

A irin waɗannan wurare, da can matuƙi ne ke faɗin inda yake ta rediyo, lokaci zuwa lokaci. Ma'aikaci ya rubuta a takarda. In rediyo ya ƙi, ko saƙo bai iso ba, sai haɗari ya matso. A ranar 13 ga Satumba 1997, wani jirgin sojan Jamus da ya tashi daga Yamai ya yi karo da jirgin sojan Amurka a bisa teku, kusa da Namibiya. Babu radar a wurin. Mutum 33 suka rasu.

Sabon ido a sama

Daga baya masana sun samo wata dabara mai suna ADS-B. Jirgi yana gane inda yake ta hanyar GPS, kuma kowane sakan yana shelar wurin da kansa. Taurarin ɗan Adam 66 da ke kewaya duniya, kilomita 780 a bisa kanmu, suna jin shelar. Su kuma su aiko da ita ƙasa.

Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke kula da sararin samaniyar Nijar da na wasu ƙasashen Afirka. A 2020 ta soma aiki da wannan dabara. Da haka ma'aikaci a Yamai yana iya ganin jirgin da ke ratsa hamada a kan allonsa. Duk da haka ba a yar da radar ba, domin yana ganin jirgi ko da akwatinsa ya lalace.

Na'ura tana gani, amma mutum ne ke yanke shawara. A Yamai akwai makarantar EAMAC, wadda aka buɗe a 1963. Ɗalibai daga ƙasashe da yawa suna koyon wannan aiki a can. Ana son mai natsuwa, wanda ya iya lissafi da harsuna. Ƴan makaranta, ku dage da karatu, wataƙila gobe ku ne a gaban allon.

Ma'anar kalmomi
Matuƙi: mai tuƙa jirgi (pilote).
Eriya: ƙarfen da ke aikawa ko kama saƙon rediyo (antenne).
Tauraron ɗan Adam: na'urar da aka harba tana kewaya duniya (satellite).

Tambayoyi
1. Su wa ke nuna wa matuƙa hanya?
2. Ta yaya radar ke gane nisan jirgi?
3. Kawo dalilai biyu da ke hana radar ganin ko'ina.
4. Me ya sa ba a yar da radar ba?

Aiki
Zana taswirar Nijar. Nuna Yamai, Agadas da Tenere.