Darasi na 12: Kiwon Kaji a Hunturu da Bazara

Da wuya ku shiga gida a karkarar ƙasar Hausa ba ku ga kaji suna tono a tsakar gida ba. Kaza ƙaramar dukiya ce, amma tana fitar da mai ita kunya. Idan baƙo ya zo, ita ake yankawa. Idan ana neman kuɗin littafi ko na magani, ita ake kaiwa kasuwa. Sai dai akwai lokuta biyu a shekara da masu kiwo suke yawan yin asara, wato hunturu da bazara. Ku riƙe wannan: sanyi ya fi cutar da 'yan tsaki, zafi kuma ya fi cutar da manyan kaji.

Lokacin hunturu

Hunturu yakan fara a watan Nuwamba, ya kai Fabrairu. A lokacin ne iska mai sanyi da ƙura take busowa daga hamadar Sahara. Ku da kuke Ibadan ko Inugu kun san hazo, amma a Kano da Jos sanyin ya fi tsanani, musamman da asuba.

Babbar kaza tana da gashin da yake kare ta. Ɗan tsako kuwa gashinsa bai yi kauri ba. A makonsa na farko yana bukatar ɗumi na kimanin digiri 32 zuwa 35, kuma a ƙarƙashin uwarsa yake samunsa. Idan 'yan tsakinku ba su da uwa, ku sa su a cikin kwali, ku ajiye musu fitila ko kasko mai garwashi a inda ba za su taɓa ba. Ku bar kafar iska, domin hayaƙin gawayi yana kisa. Sa'an nan ku lura da su. Idan sun cunkushe wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji. Idan sun guje wa wutar suna haki, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu suna cin abinci, to, ɗumin ya yi daidai.

Ku rufe gefen akurkin da iska take bugawa da buhu ko zana, amma kada ku toshe shi gaba ɗaya. Ku shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa, ku sauya shi idan ya jiƙe. Da yamma ku ƙara wa kaji tsabar dawa ko masara, domin abinci ne yake ba jiki ɗumi.

A hunturu ne kuma annobar da ake kira Niyukasil ta fi yaɗuwa. Kazar da ta kamu takan takure, ta yi koren zawo, ta riƙa numfashi da ƙyar, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Cutar ba ta da magani, kuma tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki. Amma tana da rigakafi, wanda ake haɗawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos. Ku nemi likitan dabbobi tun kafin sanyi ya shigo. Idan kun sayo sabuwar kaza, ku ware ta na mako 2. Wadda ta mutu kuma ku binne ta, kada ku jefar a bola. Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani.

Lokacin bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin saukar damina, zafi yakan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Zafin jikin kaza kimanin digiri 41 ne, kuma ba ta gumi kamar mutum. Idan zafi ya dame ta, sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukanta. Takan rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Idan abin ya tsananta, mutuwa take yi, kuma mafi ƙiba su ne suke fara faɗuwa.

Maganin wannan shi ne inuwa da ruwa da iska. Ku cire buhunan da kuka rufe akurki da su. Idan rufin na kwano ne, ku ɗora masa ciyawa. Ku zuba ruwa a kaskon ƙasa, ku ajiye shi a inuwa, ku sauya shi safe da rana da yamma. Ku ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. Kada ku tara kaji da yawa a ƙaramin akurki. Ku tanadar musu yashi da toka a gindin bishiya, domin birgima a ciki tana rage musu ƙuma.

Akwai wani haɗari kuma. Da rani ciyawa ta bushe, 'yan tsaki ba su da wurin ɓuya, shirwa tana hango su daga sama. Ku kife su da babban kwando idan ba kwa kusa. Ba banza ba aka ce, kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Kaza ba ta magana, amma jikinta yana nuna halin da take ciki. Mai kiwon da yake duba kajinsa safe da yamma, yana sauya kulawa idan lokaci ya sauya, shi ne yake kaiwa damina da akurki cike.

Sababbin kalmomi

- akurki: ɗakin da kaji suke kwana
- ɗan tsako: ƙaramin ɗan kaza, jam'insa 'yan tsaki
- ɓuntu: ɓawon shinkafa bayan an casa ta
- haki: numfashi da sauri saboda zafi ko gajiya
- shirwa: tsuntsuwa mai ɗauke 'yan tsaki

Nahawu

Ana amfani da "kada" wajen hani. Misali: Ku toshe kafar. Kada ku toshe kafar. Ku nemo jimloli 3 masu "kada" a cikin darasin.

Tambayoyi

1. Me ya sa sanyi ya fi cutar da 'yan tsaki?
2. Yaya za ku gane cewa 'yan tsaki suna jin sanyi?
3. Ku kawo alamomi 3 na cutar Niyukasil.
4. Don me ake ɗora ciyawa a kan rufin kwano?
5. Ku bayyana ma'anar karin magana ɗaya daga cikin darasin.

Aikin gida

Ku tambayi wani mai kiwon kaji a unguwarku lokacin da ya fi yin asara, da abin da yake yi don kare kajinsa. Ku rubuta amsarsa da Hausa cikin jimloli 10.